Gawo Ne Ke Gyara Ƙasa, Ko Ƙasa Ce Ke Raya Gawo?

Duk wanda ya tashi a Matamaye ko Kance ya san hatsin da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili tsawo da cikar zangarniya. Kakanninmu ma sun sani. Har yau ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, cewa ya kafa doka mai tsanani a kan sarar gawo. To amma sanin abu daban, sanin dalilinsa daban.

A 1965, a tashar binciken noma ta Bambey a Senegal, Charreau da Vidal suka auna hatsin ƙarƙashin gawo da na nesa da shi. Na gindin itacen ya yi nisa da na fili. Bayani kuwa ga shi a sarari: gawo na kaɗe ganye da damina, ganyen ya ruɓe ya zama taki, kuma inuwa ba ta danne shuka.

Sai dai, ƴan uwa, ku duba abin da ke gindin gawo. Da rani dabbobi na taruwa a nan don inuwa da ƴaƴan itacen, su bar kashinsu. Tsuntsaye ma haka. Kun ga wurare biyun da aka gwada sun bambanta ta hanya uku ko huɗu. Wanne za a ba lada?

A farkon shekarun 1990, masu bincike a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, suka zo wa tambayar ta baya. Sun duba gawon da aka dasa lokaci guda a fili guda: wasu sun miƙe, wasu sun tsugune. Da aka auna ƙasa, sai ga shi waɗanda suka yi girma galibi sun faɗa inda ƙasar ke da ƙarfi tun da fari, har da wuraren da gara ta taɓa aiki. Wato wani kaso na albarkar gindin gawo ya riga gawon zuwa.

Maganin irin wannan rikici shi ne ka canza abu guda, ka riƙe saura daidai; abin da ba ka iya riƙewa kuma, kamar yadda Ronald Fisher ya tsara a Ingila, a littafinsa na 1935, ka raba shi da ƙuri'a, don kada son ranka ya zaɓa wa iri mai kyau ƙasa mai kyau. Mu ƴan ilimin harshe aikinmu ke nan kullum. "Kafa" da "ƙafa" sautin farko kaɗai ya raba su, shi ya sa muka tabbata k da ƙ ba ɗaya ba ne.

Wannan bai rage darajar gawo ba. Binciken 2006 ya nuna manoman Magarya, Matamaye da Mirya sun raya itatuwa, galibi gawo, a wajen hekta miliyan 1, kuma suna cin moriyarsu. Amma gobe in wani ya zo da sabon taki ko iri, ya nuna maka gona biyu ya ce kalli bambanci, tambaye shi: ranar shuka ɗaya ce? Ƙasar ɗaya ce? Wace gona Fulani suka kwana da shanu bara? Kuɗin takin daga rumbun babanka zai fito.