Masu Karɓar Haraji a Zamanin Yesu Almasihu

  Yau za mu yi zancen masu muƙami a ƙasar Yahudawa a zamanin da Yesu Almasihu yake duniya, tun ba mutumin nan da ke zaune a bakin hanya da akwatin kuɗi a gabansa ba, watau mai karɓar haraji. Ba wanda ya san shi kamar ɗan kasuwa. Abin da muke so mu bincika shi ne, ko mutum ya iya riƙe irin wannan aiki ya kuma sami karɓa wurin Allah.

Bari mu fara daga sama, mu gangaro. A shekara ta 63 kafin Miladiyya wani sarkin yaƙin Romawa, sunansa Fomfi, ya ci Urushalima. Tun daga ran nan ƙasar ta shiga hannun Roma. Babban sarkin Roma shi ake kira Kaisar. A lokacin da Yesu yake wa'azi, Kaisar Tibariyas ne bisa gadon sarauta, gama ya yi mulki daga shekara ta 14 zuwa ta 37. Amma Kaisar bai taɓa zama a Yahudiya ba. Da hannun waɗansu yake mulki. Da fari an bar wa Hirudus Babba ƙasar. Da ya mutu a shekara ta 4 kafin Miladiyya, aka raba ta ga 'ya'yansa uku. Arkilayus ya sami Yahudiya da Samariya, Antibas ya sami Galili da ƙasar Feriya a hayin Urdun, Filibus kuwa ya sami ƙasashen da ke arewa maso gabas da tafkin Galili. Arkilayus ya tsananta wa mutane, aka kai ƙararsa Roma, aka tuɓe shi a shekara ta 6, aka maye gurbinsa da gwamna Barome. Gwamna na biyar shi ne Bilatus Babunti, wanda ya riƙe ƙasar daga shekara ta 26 zuwa ta 36. A 1961 masu tonon kufai sun sami wani dutse a Kaisariya, mazaunin gwamnonin, da sunan Bilatus da muƙaminsa rubuce a kai.

Ƙarƙashin waɗannan akwai hafsoshin soja, da alƙalai, da dattawan gari, har da sarkin kasuwa, mai duba mudu da ma'auni. Wani marubucin tarihi Bayahude, Yusufus, ya ba da labari cewa Antibas ya taɓa naɗa wa surukinsa Agaribas sarautar kasuwar birnin Tibariya sa'ad da bashi ya yi masa katutu. Wannan Agaribas shi ne daga baya ya zama sarkin dukan Yahudiya, daga shekara ta 41 zuwa ta 44.

To, dukan wannan tsani na sarauta da me yake tsaye? Da haraji. Soja sai da albashi, fada sai da gini, Kaisar kuma yana jiran rabonsa. Yusufus ya ce ƙasar Antibas tana kawo masa talanti 200 kowace shekara, ta Filibus kuwa talanti 100. Talanti ɗaya daidai yake da dinari 6,000, dinari ɗaya kuwa shi ne ladan ɗan ƙodago na yini guda. Ku lissafa da kanku ku ga gumin mutum nawa ke nan.

Harajin iri iri ne. Akwai na gona, akwai na kai. Domin na kai ɗin ne Romawa suka yi ƙidayar mutane a shekara ta 6, har wani Yahuza Bagalile ya ta da tawaye, yana cewa ba Ubangiji sai Allah. Littafin Ayyukan Manzanni ya ambace shi a sura ta 5. Banda waɗannan, kowane namiji Bayahude baligi yana ba da rabin shekel kowace shekara domin Haikali. Amma wanda ya fi taɓa ɗan kasuwa shi ne kuɗin hanya, wanda ake karɓa a kan iyaka, da ƙofar birni, da mashigin ruwa. Fataken dā masu zuwa Gwanja sayen goro sun san irinsa sarai, gama kowane mafitar kogi da kowace ƙasar sarki sai madugu ya kwance jaka. A waɗansu lardunan Roma ana karɓar kashi 1 cikin 40 na tamanin kaya. A iyakar gabas kuwa, inda turare da barkono da alharini suke shigowa daga Arabiya da Indiya, ana karɓar rubu'i ɗungum.

Yanzu ku kasa kunne ku ji yadda ake karɓar wannan kuɗin hanya, gama a nan ɓarnar take. Hukuma ba ta ɗaukar ma'aikaci ta ba shi albashi. Sai ta sa ƙofa ko hanya a gwanjo. Attajirin da ya fi taya kuɗi shi ke ɗauka, ya yi alkawarin biyan hukuma kaza a shekara. Shi kuma sai ya zuba yaransa a bakin hanya. Abin da suka tara, in ya haura abin da ya yi alkawari, ribarsa ke nan. In ya gaza, hasararsa ce. Yaran kuma suna neman nasu. Saboda haka kowane ƙunshi da aka kwance, akwai baki biyu ko uku da ke jiran su ci daga ciki. Falke kuwa bai san ƙa'ida ba, gama ba a nuna masa ita. Mai akwati shi ke yi wa kaya kuɗi, shi ke faɗin abin da za a biya, soja kuma yana tsaye kusa.

Kada ku ce ƙiren ƙarya ne na masu jin haushi. Manyan Roma da kansu sun san da haka. An ba da labari cewa waɗansu gwamnoni sun shawarci Tibariyas ya ƙara haraji, sai ya amsa musu cewa makiyayin kirki sausayar tumakinsa yake yi, ba ya feɗe su. A shekara ta 17 mutanen Suriya da Yahudiya suka roƙi a rage musu, domin nauyin ya yi yawa. A shekara ta 58 kuka ya yi yawa har Kaisar Niron ya yi doka a riƙa kafa ƙa'idar kowane haraji a fili, wadda dā a ɓoye take. A shekara ta 137 kuma, a Tadmor, babban zangon ayari cikin hamadar Suriya, gardama tsakanin fatake da masu karɓa ta sa majalisar gari ta sassaƙa ƙa'idar a jikin wani ƙaton dutse, da Helenanci da Aramiyanci: kayan raƙumi kaza, kayan jaki kaza, na mai, na turare, na busasshen kifi. Dutsen yana nan har yau, an ajiye shi a wani gidan kayan tarihi a ƙasar Rasha.

Domin wannan Yahudawa suka ƙi masu karɓar haraji ƙi mai tsanani. Suna ganinsu ɓarayi ne, barorin baƙi kuma. Malamansu sun rubuta daga baya cewa kada a yi canjin kuɗi daga akwatin mai karɓar kuɗin hanya, kada kuma a karɓi sadaka daga ciki. A cikin Linjila sau da dama za ku ji an haɗa sunansu da na masu zunubi, kamar abu ɗaya ne.

Ana cikin wannan hali, a shekara ta 15 ta mulkin Tibariyas, sai Yohanna Mai Baftisma ya fito a bakin Urdun yana kiran mutane su tuba. Luka ya faɗa mana a sura ta 3 cewa masu karɓar haraji ma sun zo, suka tambaye shi abin da za su yi. Jama'a suna tsammani zai ce su jefar da akwati su gudu. Bai ce haka ba. Abin da ya umarce su shi ne kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade. Sojoji kuma ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Ku lura, jama'a. Yohanna bai rushe muƙami ba, gama gari ba ya zama sai da masu riƙonsa. Ƙarin nan da ake ɗorawa a kai, shi ya kira zunubi. Shi kansa kuwa bai ji tsoron na sama ba. Ya tsauta wa Antibas a kan auren matar ɗan'uwansa, har wannan ya zama sanadin ransa.

Sai Yesu ya yi abin da ya fi wannan ban mamaki. Kafarnahum gari ne a bakin tafkin Galili, kusa da iyakar ƙasar Antibas da ta Filibus, hanyar fatake daga Dimashƙu kuma tana bi ta wajen. A nan wani Lawi, wanda ake kira Matta, yake zaune a wurin karɓar kuɗi. Masunta kamar su Bitrus ba su rasa saninsa ba. Yesu ya kira shi, ya tashi ya bar kome ya bi shi, ya zama ɗaya daga cikin manzanni goma sha biyu.

Na biyu shi ne Zakka, a Luka sura ta 19. Shi ba yaron kowa ba ne, shugaban masu karɓa ne a Yariko, mai arziki ƙwarai. Yariko kuwa gari ne na dabino da itacen turare mai tsada, kusa da mashigin Urdun, a kan hanyar da ke hawa zuwa Urushalima. Wanda ya riƙe ƙofar nan ya riƙe abu babba. Amma da ya ji Yesu zai wuce, ga shi gajere, ba kuwa mai matsa masa ya gani, sai wannan babban mutum ya sheƙa a guje ya hau itacen ɓaure kamar yaro. Yesu ya ɗaga kai, ya kira shi da sunansa, ya sauka a gidansa. Mutane suka yi ta gunaguni. Zakka ya miƙe ya yi alkawari zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda duk ya zalunta kuma zai mayar masa riɓi huɗu. Me ya sa huɗu? A Attaurar Musa, wanda ya ci amanar wani ya kuwa tuba da kansa, yakan mayar da abin ya ƙara humushi. Riɓi huɗu hukuncin ɓarawon tunkiya ne. Watau Zakka ya yanke wa kansa hukuncin ɓarawo, ba alƙalin da ya tilasta shi. Yesu ya shaida cewa ceto ya shigo gidan a ranar nan. Ba a faɗa mana ya bar aikinsa ba. Lawi ya bar akwati, gama an kira shi ga wani aiki. Zakka kuwa abin da muka ji ya bari shi ne zalunci.

Ya ɗan'uwana mai sauraro, wataƙila za ka ce kai ba gwamna ba ne. Gaskiya ne. Amma ko kai sarkin kasuwa ne, ko mai karɓar kuɗin rumfa, ko ma'aikacin kan iyaka, ko dillali, ko mai awo, ko maigidan da baƙo ya sauka wurinsa ya danƙa masa kayansa, akwai wanda ke tsaye a gabanka bai san ƙa'ida ba, kai ka sani. Abin da ka yi da shi a wannan sa'a, Allah yana gani. Gaba da gabanta. Arkilayus an tuɓe shi, Bilatus an kira shi Roma ya amsa ƙara, Antibas an kore shi a shekara ta 39 ya mutu a baƙuwar ƙasa. Sarauta rigar aro ce, Mai ita kuwa zai tambaya.

In kuwa zuciyarka ta gaya maka akwai kuɗin wani a jakarka, kada ka fid da zuciya. Yesu wanda ya shiga gidan Zakka tun bai biya ko anini ba, shi ne ya ba da ransa domin masu zunubi, yana kuwa kiranka da sunanka. Ka karɓe shi, ka nemi wanda ka cuta ka mayar masa da hakkinsa, gobe kuma ka karɓi abin da aka ƙayyade kaɗai.

Allah ya ba shugabanninmu adalci, ya ba mu duka zuciya mai tuba. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.