Tsohon bokitinmu da fadar fam 345

A gidanmu a Manchesta akwai wani bokitin fenti, fari, da ya fi shekara ashirin ba a zuba masa fenti ba. Cike yake da LEGO. Ba mu sayi ko ɗaya daga cikinsu sabo a kwali ba. Yayana ne ya tara su a ƙarshen shekarun 1990, daga kasuwar gwanjon nan ta ranar Lahadi da Turawa ke baje kaya daga but ɗin mota. Fam ɗaya, fam biyu, a ba ka leda guda ta tarkace. Ni da aka haifa daga baya gado na ci. A ciki akwai barade masu garkuwar zaki, da wani ɗan sama jannati ja wanda tambarin ƙirjinsa ya kusa gogewa, da rabin jirgin 'yan fashin teku. Rabi kawai, don ragowar Allah kaɗai ya san gidan da ta faɗa.

Abin da ya sa na tuno da bokitin nan shi ne, tun 2020 kamfanin ya shiga dawo da waɗannan tsofaffin kayan ɗaya bayan ɗaya, kuma na ga manya masu gemu suna rawar jiki a kai, har da Yaya. Sai na ce bari in bi tarihin abin in ga me ake dawo da shi, kuma wa ake dawo wa.

Asalin kamfanin ba roba ba ce, katako ne. Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen, a ƙauyen Billund na ƙasar Denmak, shi ya fara sassaƙa kayan wasan yara a 1932, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye aikin gini ya yi wuya. A 1934 ya raɗa wa sana'ar suna LEGO, daga kalmomi biyu na yarensu masu nufin a yi wasa da kyau. Bulon roba ya zo a 1949, kuma ba su suka ƙirƙiro shi ba: wani Baturen Ingila, Hilary Page, ya riga su da irinsa a kamfaninsa na Kiddicraft. Abin da ya zama nasu na kansu ya zo a 1958, lokacin da ɗan Ole, wato Godtfred, ya yi rajistar dabarar sa 'yan bututu a ƙarƙashin bulon domin ya kama na ƙasansa gam. Bulon da aka yi bayan wannan shekara har yau yana shiga cikin wanda za ka saya gobe. Shi ya sa bokiti irin namu yake yiwuwa. Kayan gidaje goma, na shekaru daban-daban, duk suna haɗuwa.

Amma abin da mutane ke kewa ba bulon ba ne. Shekarar 1978 suke kewa. A shekarar ne aka fito da ɗan mutumin nan mai kai ruwan ɗorawa, ido ɗigo biyu da murmushi, mai hannu da ƙafa masu motsi. Jikan Ole, Kjeld Kirk Kristiansen, shi ya tsara a raba kayan gida uku: gari, fada, da sararin samaniya. Jiya, yau da gobe ke nan, in ka lura. Fada ta farko, mai lamba 375, ruwan ɗorawa ce gaba ɗayanta, dawakinta ma da bulo ake haɗa su. Sai a 1984 aka yi King's Castle da ruwan toka kamar ginin dutse na gaske, kuma daga wannan zamanin baradenmu masu zaki suka fito. A ɓangaren sama kuwa, Galaxy Explorer na 1979 shi ne sarki: shuɗi da toka, da gilashi ruwan ɗorawa. 'Yan sama jannatin farko ba su da abokan gaba. Bincike kawai suke yi suna murmushi. Sai a 1987 aka kawo Blacktron masu baƙaƙen kaya, yara suka samu waɗanda za su kira mugaye.

'Yan fashin teku sun zo a 1989, da babban jirginsu Black Seas Barracuda da kyaftin ɗinsu mai jan gemu, ƙafar katako da ƙugiya a madadin hannu. Su ne na farko da aka canza wa fuska, aka sa musu gemu da ƙyallen rufe ido. Kafin su, sarki da ɗan sanda da direban tanka duk fuska ɗaya gare su.

Daga nan abubuwa suka fara lalacewa. Kamfanin ya yi asararsa ta farko a 1998. Wasannin bidiyo sun ɗauke hankalin yara, wasu kamfanoni sun fara yin bulo mai shiga cikin nasu a farashi mai sauƙi, su kuma suka bazu cikin tufafi, agogo, wuraren shaƙatawa da sauran abubuwan da ba sana'arsu ba. A 1999 suka fara yin Star Wars, a 2001 Harry Potter da Bionicle. Waɗannan sun kawo kuɗi, amma ba su hana kamfanin kusan durƙushewa a 2003 da 2004 ba. Aka ɗauko Jørgen Vig Knudstorp, wanda ba ɗan gidan ba ne, aka ba shi shugabanci a 2004. Ya rage yawan nau'in bulon da ake bugawa, a 2005 kuma aka sayar da wuraren shaƙatawa na Legoland, har da na Windsor da makarantu ke kai mu yawon ƙarshen zango.

Wani abu da mutane ke mantawa: an taɓa gwada dawo da tsofaffin kaya tun a wancan lokacin. A 2001 da 2002 an sake buga wasu kamar yadda suke, ciki har da Barracuda ɗin. Abin bai daɗe ba. A ganina lokacin ne bai yi ba. Yaran 1989 a lokacin ɗalibai ne irina, ba su da kuɗin kashewa a kan kewa.

To yanzu suna da shi. Alamar farko ta fito a fim ɗin LEGO na 2014, inda aka sa Benny, ɗan sama jannati shuɗi na shekarun 1980, da hularsa a tsage daidai haɓa da tambarinsa a goge. Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan hular ya san a nan take tsagewa. Ba don yara aka sa wannan ba, don iyayen da suka kawo su silima aka sa. A 2019 kamfanin ya saye BrickLink, kasuwar intanet da manya ke cinikin tsofaffin bulo. A 2020 aka fara buga 18+ a jikin wasu kwalaye, kuma a shekarar aka fito da Pirates of Barracuda Bay, wanda wani mai sha'awar abin ne ya fara zana shi. A 2022, cikar kamfanin shekara 90, aka saki Lion Knights' Castle mai guda 4,514 a kan kusan fam 345, da sabon Galaxy Explorer da ya fi na asali girma. Eldorado Fortress ya biyo baya a 2023, jirgin Blacktron kuma a farkon 2025. Har ɗan zanen ruwan ɗorawa na kusurwar kwali irin na da sun mayar.

Gaskiya kayan sun yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Fadar tana buɗewa, akwai gada mai ɗagawa, akwai sarauniya cikin sulke da mata a cikin barade, abin da da wuya ka gani a 1984. Amma fam 345 fa! Kuɗin cefanen gidanmu ne na makonni. Wanda aka yi wa wannan fadar shi ne mutumin da ya taso yana kallon ta a kundin talla na Kirsimeti, ko aka saya masa ƙaramarta, yanzu ya kai arba'in yana da albashi. Mu 'ya'yan baƙi ba haka muka san abin ba. Mun same shi ne bayan wasu yaran sun gama da shi, babu kwali, babu takardar da ke nuna yadda ake haɗawa. Ban san sunan King's Castle ba sai da na shiga jami'a. A wurina sunansa "bangon nan mai taga".

Kuma rashin takardar nan ya yi mana rana. Baba, wanda da farko yake ganin abin ɓata kuɗi ne, wata rana ya zauna ya haɗa mana babbar mota irin ta ɗaukar kaya, yana ba mu labarin yadda suke yin motar kara suna yara a Katsina, su fere karan dawa su soke shi, tayoyi kuma a yanko daga tsohon silifa. Hannunsa ya san aikin tun kafin ya taɓa ganin bulon Denmak. Da bangon fadar nan muka gina masallaci, hasumiyarsa da gangar jirgin 'yan fashi. Wata gwaggonmu da ta zo hutu ta ce a fitar da 'yan mutanen daga ɗakin da ake salla, gumaka ne. Umma ta raba gardama, ta ce a riƙa kife bokitin.

Akwai kuma maganar fuska, wadda na daɗe ina juyawa. Kamfanin ya ce ya zaɓi ruwan ɗorawa ne don kada ɗan mutumin ya zama na wata ƙabila. Muna yara mun yarda da haka ba tare da an faɗa mana ba: baraden nan Hausawa ne, sunayensu ma na Hausa ne, akwai Sarkin Yaƙi akwai Ɗan Baba. Amma a 2003 aka yi Lando na Star Wars da fata mai ruwan ƙasa, a tsakiyar abokansa masu ruwan ɗorawa. Kai, ai daga ranar an fasa ƙwai. In baƙin mutum sai an canza masa launi, to su sauran su wane ne tun farko? Daga 2004 aka koma ba duk mutanen fim launin fata irin na gaske, aka bar ruwan ɗorawa ga na gari da fada. Sababbin kayan kewar nan duk sun riƙe ruwan ɗorawan. Na ji daɗin hakan, amma yanzu ba na iya kallonsu da idon da na kalle su ina ɗan shekara bakwai.

Yaya dai ya sayi fadar. Ya ce kyautar kansa ce ta samun ƙarin girma a wurin aiki, matarsa ta ce ba ta ji ba ba ta gani ba. Sati biyu yana haɗa ta da daddare, jaka bayan jaka, yana bin littafi shafi-shafi. Yanzu tana saman kanta a falo, inda hannun ɗansa mai shekara biyar ba ya kaiwa. Da yaron ya dame shi da kuka, sai Yaya ya zo gida ya tambayi Umma ko bokitin nan yana nan. Yana nan, a ƙarƙashin matakala, bayan buhun shinkafa. Na ce a bar mini ɗan sama jannatin ja, suka tafi da sauran.