Rabuwar sarƙar kirifto: Yadda ake karɓar sabon kuɗi ba tare da an rasa na asali ba

Ranar 1 ga Agusta, 2017, kundin Bitcoin ya dare gida biyu. Duk wanda ke riƙe da Bitcoin ɗaya kafin rabuwar ya tarar da kuɗinsa yana nan yadda ya bar shi, ga kuma wani sabo mai suna Bitcoin Cash, shi ma guda ɗaya, ba tare da ya saya ko ya roƙa ba. Abin ya yi kama da tsintuwa, kuma haka jama'a da dama suka ɗauke shi. Sai dai kafin shekarar ta ƙare, wasu daga cikin waɗanda suka je ɗauko irin wannan rabo sun rasa uwar kuɗinsu baki ɗaya. Garin neman ƙiba suka samo rama.

Mece ce rabuwar sarƙa?

Kuɗin kirifto ba ya zama a cikin waya ko kwamfuta. Yana rubuce ne a wani kundi na bai-ɗaya da dubban kwamfutoci a faɗin duniya ke riƙe da kwafinsa, inda kowane shafi, wanda 'yan harkar ke kira bulok, ke ɗaure da na bayansa kamar sarƙa. Idan aka samu saɓani tsakanin masu tafiyar da kundin, har wani ɓangare ya sauya dokoki ta yadda ɗaya ɓangaren ba zai amince da shafukansa ba, sai sarƙar ta yi reshe biyu. Tarihinsu ɗaya ne har zuwa shafin da aka rabu, daga nan kowa ya kama gabansa.

Rigimar da ta haifar da Bitcoin Cash kan girman shafi ce. Bitcoin ya tsaya kan iyakar megabait 1, masu ɓallewa suka ɗaga nasu zuwa 8 domin shafi ya ɗauki ciniki mai yawa. Shafi mai lamba 478,558 shi ne na ƙarshe da sarƙoƙin biyu suka yi tarayya a kansa. Shekara guda kafin nan an ga irin haka a Ethereum: bayan an wawure kusan Ether miliyan 3.6 daga asusun haɗin gwiwa na The DAO, mafi rinjaye suka amince a sauya kundin a watan Yulin 2016 domin a mayar wa mutane kuɗinsu, waɗanda suka ƙi amincewa kuma suka ci gaba da tsohuwar sarƙar da sunan Ethereum Classic. Bitcoin Gold ya biyo baya a watan Oktoban 2017, sannan Bitcoin SV ya ɓalle daga Bitcoin Cash ranar 15 ga Nuwamba, 2018. Akwai wasu rassan masu yawa, galibinsu ba su taɓa yin wata daraja ta a zo a gani ba.

Rabon yana hawa ne kan abin da adireshi ya mallaka a daidai shafin rabuwa. Wanda ya sayi Bitcoin bayan wannan shafi ba shi da komai a sabon reshen, ko da shafin intanet nawa ne suka ce masa yana da shi.

Mabuɗi ɗaya, ƙofa biyu

Asalin haɗarin yana nan. Lalitar kirifto, wadda aka fi sani da walet, ba kuɗi take ajiyewa ba, mabuɗan sirri take ajiyewa. Mabuɗin sirri wata doguwar lamba ce da ake sa hannu da ita kan kowane ciniki, kuma kundin bai san mai kuɗi da suna ko fuska ba, mabuɗi kawai ya sani. Yawancin lalitoci na zamani suna fitar da dukkan mabuɗansu daga kalmomi 12 ko 24 da ake ba mutum ranar da ya buɗe lalitar, waɗanda aka tsamo daga jerin kalmomi 2,048. Wanda ya ga waɗannan kalmomi ya mallaki duk abin da ke ƙarƙashinsu, ba tare da ya taɓa wayar mai su ba.

Tun da sarƙoƙin biyu tarihi ɗaya suka gada, mabuɗin da ke buɗe kuɗi a tsohuwar sarƙa shi ne ke buɗe na sabuwa. Kenan wanda yake so ya karɓi sabon kuɗin dole ya shigar da mabuɗinsa ko kalmominsa cikin wata manhaja da ta san sabon reshen. Sau da yawa manhajar sabuwa ce fil, mutanen da ba a sani ba suka rubuta ta cikin gaggawa, ba wanda ya zauna ya tantance ta. Idan ta ɓarayi ce, ba ƙaramin rabon za su ɗauka ba, Bitcoin ɗin asali za su kwashe, wanda ya ninka rabon daraja sau da yawa.

Abin da ya faru da Bitcoin Gold a watan Nuwamban 2017 ya isa misali. Wani shafi mai suna mybtgwallet ya riƙa gayyatar mutane su shigar da kalmomin lalitarsu domin karɓar rabonsu. Abin da ya sa aka saki jiki da shi, shafin hukuma na Bitcoin Gold kansa ya taɓa sanya shi cikin jerin lalitocin da yake nuna wa jama'a. Kafin a farga, an kwashe kuɗin da darajarsu ta haura dala miliyan 3, kuma kaso mafi tsoka Bitcoin ne, ba Bitcoin Gold ɗin da aka je nema ba. An haɗa har da Ether da Litecoin, domin kalmomi ɗaya kan riƙe mabuɗan kuɗaɗe iri-iri. A cikin watan dai, masu Bitcoin Gold suka fitar da gargaɗi cewa an musanya fayil ɗin lalitarsu ta Windows da wani da ba su san asalinsa ba a ma'ajiyarsu ta GitHub. Wato ko ƙofar gidan masu abin ba ta zama tabbaci ba.

Tsarin da ƙwararru ke bi

Ka'idar ɗaya ce, sauran duk bayaninta ne: ba a kai mabuɗi wurin sabuwar manhaja sai an kwashe duk wani abu mai daraja da yake buɗewa.

Mai kuɗi yakan fara da buɗe sabuwar lalita da sababbin kalmomi, a manhaja ko na'urar da aka daɗe da sani. Sabon adireshi a cikin tsohuwar lalita ba ya wadatarwa, domin daga tsofaffin kalmomin aka ciro shi, kuma su ne ake shirin fallasawa. Nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Bayan an rubuta sababbin kalmomin a takarda an adana, sai a tura ɗan kaɗan na gwaji, a tabbatar ya isa, sannan a tura sauran Bitcoin ɗin duka. A al'adar Bitcoin akan jira shafuka shida su hau kan cinikin kafin a ɗauke shi tabbatacce, kusan awa guda kenan tun da kowane shafi yana ɗaukar kimanin minti 10. Duk wani kuɗi na daban da ke ƙarƙashin tsofaffin kalmomin, Ether ne ko waninsa, shi ma a kwashe shi.

Tura Bitcoin bayan rabuwa ba ya taɓa rabon da ke ɗaya sarƙar, matuƙar reshen yana da kariyar da za a yi bayaninta a ƙasa. Tsohon adireshin ya zama fanko a sarƙar Bitcoin, amma a sabuwar sarƙar har yanzu cike yake. Sai a wannan lokaci ake shigar da tsohon mabuɗin cikin manhajar reshen, kuma ya fi kyau a yi hakan a wata kwamfuta ko waya daban wadda ba ta ɗauke da sabuwar lalitar, ba ta kuma da manhajar banki ko imel, saboda muguwar manhaja kan laluba na'ura ta kwashi abin da ta samu. Daga nan a tura rabon zuwa lalitar da aka keɓe masa ko dandalin da za a sayar.

Tsofaffin kalmomin kuwa sun gama aiki. Ba a sake karɓar kuɗi da su har abada, kuma duk abokin hulɗar da ke da tsohon adireshin a rubuce sai an sanar da shi ya daina turawa can. Idan mabuɗi ɗaya yana da rabo a rassa da dama, mafi daraja ake fara karɓa, domin manhajar reshe mafi rauni na iya kwashe rabon duk sauran da ba a riga an ɗauka ba.

Masu lalitar na'ura irin su Ledger da Trezor sun fi samun sauƙi, domin kamfanonin biyu sun ƙara Bitcoin Cash da Bitcoin Gold cikin manhajojinsu, aka riƙa karɓa ba tare da mabuɗi ya fita daga na'urar ba. Amma da zarar mai irin wannan na'ura ya buga kalmominta a allon kwamfuta, ya rushe duk amfanin da ya saye ta dominsa.

Matsalar amsa-kuwwa

Akwai haɗari na biyu da ba ya buƙatar an saci mabuɗi. Idan sarƙoƙin biyu suna karɓar sa hannu iri ɗaya, cinikin da aka yi a wannan za a iya kwafar sa a maimaita shi a waccan, kamar amsa-kuwwa. Mutum ya sayar wa wani da rabonsa mai arha, mai saye ya ɗauki cinikin ya watsa a babbar sarƙa, sai kuɗin asali ma su bi shi zuwa adireshi ɗaya. Haka ta riƙa faruwa bayan rabuwar Ethereum a 2016, har wasu dandalan musaya suka yi asarar Ethereum Classic yayin da suke biyan masu cire Ether. A ƙarshen shekarar Ethereum ya shigar da lambar shaidar sarƙa cikin sa hannu domin toshe wannan kafa.

Bitcoin Cash ya zo da kariyarsa tun ranar farko, ta hanyar sauya yadda ake sa hannu, ta yadda cinikin sarƙa ɗaya ba ya karɓuwa a ɗayar. Bitcoin Gold ma ya yi haka. Amma rabuwar Bitcoin Cash da Bitcoin SV a 2018 ba ta zo da ita ba, shi ya sa dandalai da yawa suka dakatar da shige da ficen kuɗin na wani lokaci.

Inda babu kariya, tsarin da aka bayyana a sama yana buƙatar ƙarin mataki tun daga farko, domin tura kuɗi zuwa sabuwar lalita na iya jan rabon ɗaya sarƙar ya bi su. Ba a yi asara ba tun da adireshin na mai kuɗin ne, amma yanzu sabon mabuɗin ne ke riƙe da duka biyun, an koma gidan jiya. Dabarar da aka saba ita ce a samo ɗan ƙaramin kuɗi da ke wanzu a sarƙa ɗaya kawai, a haɗa shi cikin cinikin da mutum zai tura wa kansa. Ɗaya sarƙar ba ta san wannan ɗan kuɗin ba, sai ta ƙi cinikin gaba ɗaya, a haka dukiyar biyu ke rabuwa. Aiki ne na wanda ya ƙware. Ga wanda bai ƙware ba, jira har amintattun lalitoci su samar da hanyar rabawa ya fi.

Jiran kuwa ba ya cin komai. Rabon da ke kan sarƙa ba shi da wa'adi, yana nan muddin sarƙar na raye kuma mabuɗin na hannun mai shi. Saboda haka saƙon da ke cewa a gaggauta karɓa kafin a rufe, ko a biya wani abu kafin a saki rabo, ko a shigar da kalmomi domin a tantance lalita, alamar damfara ce. Darajar kuɗin na iya faɗuwa yayin jira, wannan gaskiya ne, amma asarar wani kaso na tsintuwa ba ta kai asarar uwar kuɗi ba.

Kuskuren adireshi da batun dandali

Da farko adiresoshin Bitcoin Cash ba su da bambanci da na Bitcoin a ido, mutane suka riƙa tura wannan zuwa lalitar wancan. Wasu an iya ceto su, wasu kuma, musamman waɗanda suka faɗa adiresoshin SegWit, sun maƙale ta yadda masu haƙa ne kawai ke iya fito da su. Sai a Janairun 2018 aka fito da sabon salon adireshi na CashAddr domin rage wannan ruɗani.

Wanda kuɗinsa ke dandalin musaya a lokacin rabuwa, mabuɗi ba ya hannunsa, don haka dandalin ne ke yanke hukunci. Coinbase ya fara cewa ba zai tallafa wa Bitcoin Cash ba, ya janye bayan ƙorafin abokan hulɗa, kuma sai a Disamban 2017 ya saki rabon. Ƙananan rassa kuwa yawancin dandalai ba su taɓa waiwayar su ba. Dandali na iya sa wa'adin cire wani kuɗi idan zai daina hulɗa da shi, amma irin wannan sanarwa a cikin asusun mutum ake tabbatar da ita, ba ta hanyar latsa wani adireshi da ya zo a imel ko Telegram ba.

Akwai kuma lissafin da ake yawan mantawa da shi. Kwashe Bitcoin zuwa sabuwar lalita yana cin kuɗin aikawa, wanda a ƙarshen 2017 ya kai gomman daloli kan ciniki ɗaya, kuma rabon ƙaramin reshe na iya gaza biyan wannan. Ƙari a kan haka, wanda ya tattara rabonsa daga adiresoshi da yawa ya kai dandalin da ya riga ya karɓi katin shaidarsa, ya nuna wa dandalin adadin Bitcoin da ya mallaka ranar rabuwa, tun da adiresoshin ɗaya ne a sarƙoƙin biyu.

A Najeriya, Babban Banki ya janye a Disamban 2023 umarnin da ya bayar a Fabrairun 2021 na hana bankuna hulɗa da masu harkar kirifto, kuma Dokar Zuba Jari da Hannayen Jari ta 2025 ta sanya kadarorin dijital ƙarƙashin kulawar hukumar SEC. Wannan kulawa kan kamfanoni da dandalai take. Kuɗin da aka fitar daga lalitar mutum da mabuɗinsa, a wurin kundin ciniki ne sahihi, kuma babu banki ko hukumar da ke da ikon juya shi.