Yadda Uwar Garken Yanar Gizo Ke Miƙa Buƙata Ga Uwar Garken Manhaja

Duk lokacin da ɗan ƙasa ya buɗe shafin rajista ko na neman aiki a intanet, buƙatarsa kan ratsa matakai biyu kafin amsa ta dawo masa. Uwar garken yanar gizo ce ke karɓar buƙatar daga waje, sannan ta miƙa ta ga uwar garken manhaja, wadda ke tantance suna, ta duba rumbun bayanai, ta fitar da sakamako. Matsayin ta farko kamar na zaure ne: a nan baƙo yake tsayawa, ɗan aike ya shiga cikin gida ya karɓo masa amsa. Su biyun suna iya zama a kwamfuta ɗaya ko a kwamfutoci daban-daban.

Manhajojin da aka fi sani

Apache ta fito a shekarar 1995, Nginx kuma, wadda injiniya ɗan Rasha Igor Sysoev ya ƙirƙira, ta fito a 2004. A ɓangaren ciki akwai irin su Gunicorn ga shirye-shiryen Python da Tomcat ga na Java.

Yadda ake saitawa

Uwar garken gaba tana sauraro a ƙofa ta 80, ko ta 443 idan saƙon a kulle yake, kuma a wurinta ake ajiye takardar shaidar tsaro. Ta ciki tana jira a wata ƙofa da ba a buɗe wa jama'a ba: 8000 ga Gunicorn, 8080 ga Tomcat. Idan kwamfuta ɗaya ce, ana ɗaure ta da adireshin 127.0.0.1 domin kada wani ya iso gare ta kai tsaye.

Umarnin proxy_pass a Nginx, ko ProxyPass a Apache, shi ke faɗin inda za a kai buƙata. Wajibi ne a haɗa da bayanin X-Forwarded-For; idan babu shi, manhaja za ta ɗauka duk masu ziyara daga adireshi ɗaya suke. Kafin sabon saiti ya fara aiki, ana gwada shi da umarnin nginx -t.

Ma'anar lambobin kuskure

Lamba 502 na nufin uwar garken ciki ta tsaya ko ta mayar da amsar da ba ta inganta ba. Lamba 504 na nufin an jira har wa'adi ya ƙare, kuma a Nginx wa'adin asali daƙiƙa 60 ne. Lamba 413 kan fito idan fayil ya wuce girman da aka ƙayyade, wanda asalinsa megabayit 1 ne a Nginx. Mai ɗora hoton takardar shaida kan iya rasa damarsa ranar rufe rajista saboda wannan layi guda na saiti.

A Abuja

Kamfanin Galaxy Backbone, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2006, yana da cibiyar adana bayanai a Abuja da ke hidima ga ma'aikatu da hukumomi. A shafukan da jama'a ke yi wa cincirindo, uwar garken gaba kan raba buƙatu tsakanin uwayen garken manhaja da dama, ta yadda tsayawar ɗaya ba za ta rufe shafin ba. Tun da ita ce ke rubuta adireshin kowane mai ziyara, kiyaye wannan kundi yana cikin nauyin da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe da bayanan jama'a.