Bayani a kan ƙwayoyin halitta na asali

Ƙwayoyin halitta na asali su ne waɗanda ba su riga sun ɗauki wani takamaiman aiki a jiki ba, amma suna iya hayayyafa, su kuma rikiɗa su zama jini ko fata ko tsoka.

Da su ne jiki ke gyara kansa. Sai dai gyaran na ɗan Adam yana da iyaka: hanta kan sake tofowa idan an yanke wani sashenta, amma tsokar zuciyar da ta mutu ba ta dawowa, sai dai tabo. Burin masu bincike shi ne su samar wa jiki abin da ya kasa maye gurbinsa da kansa.

Taƙaddama kan 'yan tayi

A shekarar 1998 ne James Thomson na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya fara raya irin waɗannan ƙwayoyi daga 'yan tayin ɗan Adam masu 'yan kwanaki da haɗuwa. Suna iya zama kowane irin nama, amma ciro su yana halaka ɗan tayin.

Wannan ne ya sa Shugaba George Bush ya taƙaita kuɗin gwamnati ga binciken a 2001, kafin Shugaba Barack Obama ya sassauta a 2009.

A 2003 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta yanke hukunci a Makka cewa ya halatta a yi amfani da su idan tushensu halal ne, kamar jikin baligi da izininsa, ko jinin cibiya, ko rarar 'yan tayin da ma'aurata suka bayar bayan dashen ciki. Ta haramta zubar da ciki da gangan domin samun su.

Mayar da ƙwaya baya

Binciken ya sauya alƙibla a 2006, lokacin da Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto a Japan ya nuna cewa ƙwayoyin gado huɗu kacal sun isa su mayar da ƙwayar ɓeran da ta girma zuwa halin da take tun tana ta ɗan tayi. A 2007 ya yi haka da fatar mutum, ba tare da an taɓa ɗan tayi ba. Ya samu kyautar Nobel a 2012 tare da John Gurdon na Birtaniya.

Amma daga ɗakin bincike zuwa gadon asibiti akwai nisa. Ƙwayar da ke iya zama komai tana iya zama ƙari, saboda haka gwaji a kan mutane ke tafiya sannu a hankali.

A 2014 likitoci a birnin Kobe sun dasa wa wata dattijuwa tantanin ido da aka raya daga fatarta. A 2025 an buga sakamakon gwajin da aka yi a Kyoto a kan mutum bakwai masu cutar Parkinson, inda ba a ga ƙari ba. Mutum bakwai dai ba su isa a ce an samu magani ba.

Dashen ɓargo da cutar sikila

Hanyar da ta fi tabbata har yanzu ita ce mafi tsufa, wato dashen ƙwayoyin ɓargo, waɗanda ke samar da jini. An shafe fiye da shekaru hamsin ana amfani da ita wajen maganin sankarar jini, kuma tun 1984 aka gano tana iya warkar da amosanin jini, ko sikila.

Wannan ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kusan dubu 150 da ita a ƙasar kowace shekara. An yi dashen farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011.

Matsalar ita ce samun wanda ɓargonsa ya dace, galibi ɗan uwa na ciki ɗaya, kuma yawancin marasa lafiya ba su da shi.

A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da maganin Casgevy, wanda ya kauce wa wannan matsala. Ana ciro ƙwayoyin majinyacin kansa, a gyara su ta yadda za su riƙa samar da irin sinadarin jinin da jariri ke da shi a ciki, sannan a mayar masa.

Kafin a mayar, sai an kashe tsohon ɓargon da magunguna masu ƙarfi waɗanda kan iya hana haihuwa, majinyacin kuma ya yi makonni a kwance a asibiti. Farashin da aka sa wa maganin a Amurka ya kai dala miliyan 2.2 ga mutum guda.