Laxton: Ƙauyen da Shinge Bai Cinye Ba

Duk wanda ke son sanin yadda ƙasar noma ta riƙa sauya hannu a karkarar Ingila, to ya dubi Laxton, wani ɗan ƙauye a lardin Notingham. A kundin ƙidayar dukiya da Sarki Wiliyam ya sa aka rubuta a 1086, mun tarar da ƙauyen a hannun wani Banormande, Geoffrey Alselin. Tun daga lokacin, mai ƙasa daban, mai riƙe da garma daban.

A 1625 wani attajirin Landan, Sir William Courten, ya sayi ƙauyen. Da yake ɗan kasuwa ne, sai ya so ya san abin da kuɗinsa suka saya. A 1635 ya sa Mark Pierce ya auna gonakin, ya zana taswira, ya rubuta sunan mai noma kowane yanki. Taswirar tana nan a ɗakin karatu na Bodleian. Cikinta muna ganin manyan filaye marasa shinge, an yayyanka su siri-siri fiye da kashi 2,000. Kowane magidanci yana da nasa a warwatse, nan mai kyau, can mai laka, don kada albarka ko asara ta tattaru a kan mutum ɗaya.

A 1640 Courten ɗa ya sayar wa gidan sarautar Pierrepont. Bayan haka ne guguwar killace gonaki ta taso. Tsakanin 1604 da 1914 majalisar dokoki ta zartar da dokoki fiye da 5,200 na kafa shinge, talakawa da dama suka rasa makiyaya. Amma a Laxton manyan masu ƙasa sun kasa daidaitawa a kan rabo da kuɗin aikin. Rashin jituwar manya ya zama rufin asirin ƙanana.

A 1952 magajin gidan ya sayar wa Ma'aikatar Gona, a 1981 ƙauyen ya koma hukumar kadarorin masarauta, a 2020 kuma ya dawo hannun gidan Thoresby, zuriyar masu shi na da. Har yanzu ana noma filaye uku bisa tsohon tsari, ana juya amfani a tsakaninsu. Kowace shekara, wajen ƙarshen kaka, zaɓaɓɓun manoma kan zaga fili su kafa turakun iyaka, kotun ƙauye kuma ta ci tarar wanda ya ci gonar maƙwabci.

Sai dai kada mu manta, akasarin manoman nan 'yan haya ne. Al'adar da suka raya shekaru ɗaruruwa ta rataya ne a kan alƙawarin mai takardar mallaka. Masu iya magana kan ce kayan aro ba ya rufe katara.