Dokta Bala Usman da yaƙin da ya haifi iyakar Jibiya

Yau za mu nufi Jibiya ne, amma ta Zariya za mu bi. Ku yi haƙuri da ni, za ku ga dalili.

Duk wanda ya san Magama ya san daga nan sai Ɗan Isa, sai Maraɗi. Harshe ɗaya, auratayya ɗaya, kasuwa ɗaya. Amma kun taɓa tambayar kanku me ya sa har gobe ake kiran sarkin Maraɗi da Sarkin Katsina? Akwai mutumin da ya ba da ƙuruciyarsa wajen amsa wannan tambaya, kuma amsar da ya samo ta shafi sulhun da muke ta muhawara a kansa yau. Shi ne Dokta Yusufu Bala Usman.

An haife shi a Musawa a 1945. Jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne, wato ɗan gidan sarauta ne gaba da baya. Ya yi Kwalejin Barewa, ya tafi Ingila ya yi digiri a Jami'ar Lancaster, ya dawo ya koyar a Barewa, sannan ya shiga sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, inda Farfesa Abdullahi Smith yake rainon sababbin masana. A 1974 ya kammala digirin digirgir a kan tarihin ƙasar Katsina. Aikin ya fito a matsayin littafi a 1981 da sunan The Transformation of Katsina, 1400–1883.

To me ya gano? Bari mu fara da abin da ya faru. Wajen 1807 mujahidai suka ci birnin Katsina, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Tsohon gidan sarauta ya yi arewa, a Ɗankama aka ƙara gwabzawa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa sabuwar hedikwata a Maraɗi wajen 1819. Ba su taɓa yarda sun bar Katsina ba, shi ya sa suka tafi da sunan. Daga nan fa sai yaƙi na shekaru da dama. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci Gobirawa da Maraɗawa a Gawakuke, amma wuta ba ta mutu ba. Zamanin Ɗan Baskore hare-haren Maraɗi sun kai can cikin ƙasar Katsina. Garuruwa suka watse a yamma, wajen Ruma, daji ya rufe kufai. Ku lura, yankin Rugu ke nan, wanda sunansa kaɗai ke tsinka zuciyar mutane a yau.

Marubutan Turawa sun taƙaita duk wannan da kalma biyu: Fulani sun ci Haɓe. Bala Usman ya ce a'a, a dawo a duba. Ya bi garuruwa ya zauna da dattawa, ya karanta takardun Larabci, ya bi tarihin sarautu da zuriyoyi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya nuna shi ne ƙabila ba ta isa ta bayyana wanda ya bi jihadi da wanda ya yaƙe shi ba. Akwai Hausawa a rundunar mujahidai, akwai Fulanin da ba su bi ba. Abin da ya raba mutane shi ne aƙida, da haraji, da shari'a, da yadda masu sarauta ke tafiyar da talakawa, da kuma wa zai samu wa zai rasa idan tsari ya canja.

Sai Turawa suka zo suka tarar da wannan ɓaraka. Ingila da Faransa suka yi yarjejeniyoyi a 1898 da 1904 da 1906, sannan tsakanin 1906 da 1908 jami'ansu suka bi ƙasa suna kafa duwatsun iyaka. Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, Katsina hannun Ingila. Yaƙin ya tsaya, amma ba don an zauna an warware shi ba. Mai bindiga mafi ƙarfi ne ya zo ya ja layi.

Malamin bai tsaya a ƙarni na 19 ba. A 1975 Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamitin tsara kundin mulki ƙarƙashin Rotimi Williams, mutum 49 suka yi aikin. Bala Usman da Dokta Segun Osoba suka ƙi sa hannu a rahoton masu rinjaye, suka rubuta nasu daftarin a 1976, wanda ya fi karkata ga haƙƙin talaka da sa ido a kan dukiyar masu mulki. Gwamnatin soja ta ture shi gefe. A Jamhuriya ta Biyu ya shiga gwamnatin PRP ta tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta a lokacin, har ya riƙe muƙamin sakataren gwamnati. Ya ga yadda majalisar da NPN ke da rinjaye ta tsige Balarabe Musa a 1981. Wato siyasar zaɓe ba a littafi kawai ya karanta ta ba.

A 1987 ya fitar da The Manipulation of Religion in Nigeria, inda ya yi bayanin yadda masu hannu da shuni ke fakewa da addini su raba kan talakawa don kada a tambaye su lissafi. A 1989, zamanin Babangida, aka kore shi daga jami'a, kotu ta mayar da shi. Da shi aka kafa cibiyar CEDDERT a Zariya don binciken dimokuraɗiyya, ya kuma yi rubutu a kan tarihin tashin hankalin zaɓe a Najeriya. Ya rasu ranar 24 ga Satumba, 2005. Allah Ya jiƙansa.

Yanzu mu dawo Jibiya. An rufe iyaka a Agustan 2019, ta Jibiya ba a buɗe ba sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe. Duk a Abuja aka yanke, ɗan dako da mai tireda a Magama suka biya kuɗin. Ga kuma 'yan bindiga. Gwamnatin Masari ta yi sulhu a 2016, ta sake yi a 2019, duka biyun suka rushe. A farkon 2025 mutanen Jibiya da kansu suka zauna da masu riƙe da makamai. Ba zan zargi wanda aka hana noma shekara da shekaru don ya nemi sauƙi ba, wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Amma ga abin da na ɗauko daga aikin malam, kuma fahimtata ce, ba maganarsa ba. Idan muka ce rikicin nan Hausa da Fulani ne kawai, mun maimaita kuskuren da ya yi shekaru yana gyarawa. Tambayoyin su ne: wa ya cinye burtali da makiyaya? Wa ya kai ƙara aka danne masa haƙƙi? Wa ke shigo da makamai ta daji, wa ke sayen shanun sata? Matan da aka kashe wa maza, wa ya rubuta sunayensu? Sulhun da bai amsa waɗannan ba tsagaita wuta ne kawai.

A Afirka ta Kudu, kwamitin Desmond Tutu ya fara sauraron shaidu a bainar jama'a a 1996, aka rubuta, aka buga. Mu kuwa kwamitin Oputa ya miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba.

'Yan uwa ɗalibai na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Dutsin-Ma, da takwarorinku na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ga aiki nan a ƙofar gida. Dattawan da suka san inda burtali ya bi suna ƙarewa. Wayar da ke hannunka tana ɗaukar murya. Nemi izini, kare sunan wanda ya ba ka labari, ka rubuta gari da rana. Idan ba mu rubuta ba, wani zai zo daga nesa ya sake taƙaita mu da kalma biyu.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa.